Ƙofar Ɗakin Sanyi

Marin ya zo wa Mansik ta baya, goshinsa ya daki bakin teburi. Ya share jinin da hannun riga, ya ci gaba da kwance murfin kwamfutar.

"Matata na ciki!" Tak ya daka masa tsawa. "Ka buɗe ƙofar nan ko in buɗe cikinka!"

Tak ne mai wannan ma'ajiyar kifi a bakin tashar jiragen ruwan Busan ta ƙasar Koriya, kuma duk kasuwar an san hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ƙofar ɗakin sanyin ta ƙarfe ce, kaurinta ya kai taƙi, ba ta da mukulli sai umarnin wata tsohuwar kwamfuta da launinta ya koma na haƙoran mashayin taba. Mansik kaɗai ya rage a unguwar da ke gyaran irinta. Da safen nan ya zo share mata ƙura, kamar yadda ya saba. Yanzu ga shi allon kwamfutar na cewa bai ga katin da ke sarrafa ƙofa ba.

Abu na farko da Mansik ya yi shi ne kashe injin sanyin. Sannan ya zare katin, ya hure shi, ya goge haƙoransa, ya mayar, ya kunna. Fankar kwamfutar ta yi gurnani, allon ya maimaita maganarsa.

"Direban katin ne ya lalace, maigida, wato manhajar da ke sa shi aiki. Sai na sake ɗora shi."

Tak ya damƙi gashinsa ya haɗa fuskarsa da gilashin allon. Gaɓoɓin yatsun Tak duk sun kumbura, jinin da ke kansu har ya bushe. A ɗaya hannun yana riƙe da ƙugiyar jan kifi, wadda bai ajiye ba tun shigowarsa.

Mansik ya zura faifai. Na'urar ta tauna shi, ta tofar. Ya zura wani.

Ma'aikata sun gwada ƙofar da ƙarfen ɓanɓara, amma ba wanda ya sa ƙarfinsa da gaske. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Ko a kira 'yan kwana-kwana?" Tak ya juya ya narka masa ƙotar ƙugiyar a baki. Sauran suka ja baya.

Daga cikin ɗakin kuwa shiru, ko bugun ƙofa babu.

"Tsoho, wasa kake da ni?"

"Kwamfutar ma tsohuwa ce, maigida. Ba a yi mata gaggawa."

Tak ya danne hannun Mansik na hagu a kan teburi, ya sauke ƙotar a kan ɗan yatsansa. Ƙarar karyewar ta fi ta fanka. Mansik ya durƙushe. Da hannu ɗaya ya miƙe, ya sauya wa katin rami, ya sake kunnawa, ya tsaya yana kallon kwamfutar tana lissafa ƙwaƙwalwarta a hankali. Gumi da jini na ɗiga a kan maɓallan. Kunnensa na can bakin titi.

Tak ya ɗaga ƙugiyar, wannan karon da tsinin a gaba. A daidai nan jiniya ta cika harabar. Sai da 'yan sandan da Mansik ya kira a ɓoye suka taru a kan Tak sannan suka kai shi ƙasa, yana ihu yana kiran sunan matarsa, Sukhi.

Da ankwa ta shiga hannun Tak, Mansik ya sunkuya bayan kwamfutar, ya mayar da wata siririyar waya da shi da kansa ya zare tun da safe mazauninta, ya danna maɓalli. Ƙofar ta ja numfashi ta buɗe.

Sukhi ta fito lulluɓe da rigar sanyin Mansik, ido ɗaya a rufe don kumburi, haƙoranta na gaba babu. Ta wuce mijinta ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsaya gaban mai gyaran, ta dubi yatsan da ya karye.

"Kawu," ta ce, "na gode da ba ka buɗe masa ba."