Tela da Ɗoɗɗoyar Matarsa

Na ga yadda ka rungume abin da marigayin ya bar maka, ka hana kowa ya kusance shi. Matso nan in ba ka wani misali.

An yi wani tela, mutumin arewa, wanda neman abinci ya kai shi kudu can bakin teku, inda damina kan yi wata takwas ba ta ɗaga ba, har takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Da ya zauna da gindinsa sai ya je ya ɗauko matarsa. Cikin kayanta har da 'yan ƙwayoyin irin ɗoɗɗoya ƙulle a bakin zane, waɗanda ta ɗebo daga gindin randar mahaifiyarta. Shekarar farko ta shuka a ƙasa, ruwa ya kwanta ya cinye. Daga nan ta koyi halin garin. Ta samo tsohuwar tukunyar ƙasa ta huda gindinta, ta zuba tsakuwa da gawayi, ta cika da yashi da taki, ta ajiye a bakin baranda inda hantsi ke samunta amma ruwan sama ba ya dukanta. Da ta ga kan reshe zai yi fure sai ta sa farce ta tsinke, ta jefa a miya. In uwar shukar ta tsufa ta yanki reshe ta dasa sabuwa. Haka ta yi shekara ashirin da biyu. Mai jego, mai mura, mai farfesu, kowa ya zo ta tsinkar masa, har babu wanda ya damu ya dasa tasa a unguwar, tunda ga ta nan a ƙofa. Shi kuwa tela ƙanshin kawai ya sani. Yana kan keken ɗinkinsa, bai taɓa tambayar ta yadda take yi ba.

Ana shirin shiga damina matar ta kwanta ciwo, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Da 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya yi masa faɗi, sai ya koma kan tukunyar nan. Ya dube ta ya ga ta tsufa, ga tsaga, ga ruwa yana ɗiga ta ƙasa, ya ji bai kyauta ba a ce abin matarsa na zaune a cikin wannan. Ya je kasuwa ya sayo sabon bokitin roba mai kyau, marar huji ko ɗaya, ya juye shukar a ciki. Safe ya ba ta ruwa, yamma ya ba ta ruwa. Ya janyo ta tsakar gida inda zai riƙa hango ta daga kan keke. Ganye ɗaya bai yarda a taɓa ba. Da ta fitar da fure sai ya yi murna, ya zaci lafiya ce. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai sayar da farfesun kifi, wadda ta daɗe tana zama da marigayiyar. Ta shigo ta ga bokitin cike da ruwa, ta ce, "Malam, huda gindin nan, ka mayar da ita inuwar baranda. Ka kuma ba ni reshe biyu in dasa a wajena, ko da wani abu zai faru." Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Abin da ya rage mini ke nan." Ta juya ta fita.

Sai ruwa ya sauko, kwana goma sha ɗaya ba a ga rana ba. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zuba, karan ya yi baƙi daga tushe. Tela ya ga tana yaushi, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara mata ruwa. Ranar da gari ya washe ya kama ta zai gyara mata tsayuwa, sai ta biyo hannunsa, saiwar ta ruɓe tana wari. Ya murza furen ko zai sami iri, ya tarar bai kai ga bushewa ba, duk ya yi fumfuna. Ya bi gida gida yana tambaya, babu mai ita. Ya sayo wata a kasuwa, ganyenta ya fi faɗi, amma da ya shinshina ya san ba ita ba ce. Ya aika arewa, aka ce tun bayan rasuwar surukarsa an rushe gidan an yi shaguna.

Bayan wata uku babbar 'yarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta zo gaishe shi da goyonta. Da za ta koma ta tsaya a bakin baranda ta ce, "Baba, ba na son komai cikin kayan Inna. Ka ba ni reshe ɗaya na ɗoɗɗoyarta kawai, in dasa a gidana, yarinyar nan ta tashi ta san ƙanshin hannun kakarta." Tela ya dubi gurbin da tukunyar take zama a da. Ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da hularsa, 'yar na tsaye da jaka a hannu tana jira, har ta gane da kanta.

Shi ya sa mutanen da suka riga mu suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.