Tambayar da Aka Yanka a Ciyawa

An sa wa filayen wasan ƙwallon besbol na garin Elk Fork fitilu. Allon maki ya koma na lantarki, an sare bishiyar da Colt ya taɓa faɗowa daga kanta, har rumfar lemo ta samu rufi. Marnie mai yankan ciyawar filayen ce kaɗai ba ta canza ba. Don ita ya dawo bayan shekarun yawo, sai dai bakinsa ya kasa faɗa.

Ita ce ma ta kira shi. "Kai ɗan yawon duniya, zo da ɗan jirgin nan naka mai ɗaukar hoto. Ana son hoton fili daga sama."

Ya iso yana fito, kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya tarar da ita sai warin fetur take, takalmanta duk ɗanyar ciyawa, rana ta ƙona mata goshi. Kusa da ita Duane ne, kocin yara, yana ta washe baki. Tsofaffin gari sun cika benci, alhali babu wasa ranar.

"Tsohon mai lamba goma sha huɗu!" in ji Duane, yana kiran Colt da lambar tsohuwar rigarsa ta wasa. "Ɗaga shi sama sosai, kar ka yi mana rowa."

Jirgin ya tashi yana kukan zuma. Colt ya ji daɗi ya cika shi, yana dariya shi kaɗai. Ga filayen nan shimfiɗe a allon hannunsa, kore shar. Masu yankan ciyawa kan ƙawata fili da zane, layi mai haske, layi mai duhu. Amma na babban filin ba zane ba ne, haruffa ne manya, tambayar aure. A yarensu kuwa "ka" da "ki" kalma ɗaya ce.

Ya ɗago kai. Duane ya kashe masa ido. "Yaya, ya fito?"

Colt ya ɗauka Duane ne ke neman auren Marnie. "Ya fito. Ina taya ka murna, koci."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?" in ji Marnie.

Colt ya juya mata baya. Ya sauke jirginsa, ya ja mota.

A gida ya shiga cusa kaya cikin jaka, riga nan, takalmi can. Ko ina ne zai tafi, in dai ba Elk Fork ba. Saura ya tura musu hoton ya huta. Ya buɗe shi, ya ƙara masa girma don ya ga ko ya yi kyau.

Sai jakar ta suɓuce daga kafaɗarsa, dariya ta ƙwace masa. Ƙarƙashin tambayar an yanka lamba goma sha huɗu, kuma jar hular da aka manta a kan kujerar injin yankan ciyawar ta Marnie ce. Ashe ita ce ta yanka tambayar, kuma shi take nufi.