Uwar da Ta Ci Abinci

Ranar kwana na arba'in da yin ƙwai, dabbar tekun nan mai hannu takwas ta saki ƙwanta, ta miƙa hannu ta cafke ƙaguwa.

Dakta ta dafa tankin gilashin. Shekara ashirin da bakwai tana jiran wannan loma. Iyaye ɗari uku ta gani sun mutu a ɗakin binciken nan, duk hanya ɗaya: uwa ta yi ƙwai, ta daina ci, ta kwanta kansu tana feso musu ruwa har ta ƙanjame. Ranar ƙyanƙyasa ita ce ranar ajalinta.

Wannan kuwa Dakta ta yanke mata wasu 'yan tsoka biyu a bayan ido, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

"Zo ki gani, tana ci," ta ce wa 'yarta.

'Yar ta taso da ƙyar, hannu a ƙugu, cikin wata takwas a gaba. Tun tana wata uku goggonta ke riƙonta. Yau ma asibiti ya kawo ta garin, ta biyo ta wurin uwar.

"Ƙwan fa, Dakta?"

"Ruɓewa za su yi, ba mai kula su. Amma ita ta rayu."

'Yar ta daɗe tana kallon ƙwan da ke reto a jikin dutse, wasu har sun fara fari.

"Ita dai yanke mata aka yi," ta ce. "Ke wa ya yanke miki?"