Bidi Bai Yi Famfara Ba

Hadi manomi ne a Kwandiko, amma kowa ya san hankalinsa ya fi karkata ga turke fiye da gona. Da goɗiyarsa ta haihu, ya sa wa duƙushin suna Bidi, ya riƙa ɗura masa harawa da dusa da kanwa kamar mai kiwon ragon layya. Yana shekara ɗaya da rabi ya yi ƙirji, ya yi tsawo, har masu babur kan tsaya kallonsa.

Yabo kuwa akwai daɗi. Wannan ya ce doki ya isa sirdi, wancan ya ce in aka sake shi a sukuwar Gwaram bayan girbi, babu mai kamo shi. Kan Hadi ya kumbura, ya sauko da sirdi.

Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, a gidan masu dawaki ta tashi. Ta zo ta ɗaga leɓen Bidi, ta duba haƙoransa.

"Hadi, dokin nan ko famfara bai yi ba," in ji ta. "Girman da kake gani nama ne, ƙashi bai ƙosa ba. Ka riƙa jan sa da ragama, ka saba masa da buhu a baya, hawa kuma sai baɗi."

"Inna, ai dawakin zamaninku ne ake jira. Na yanzu abinci suke ci."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma ga tankaɗenta.

Kullum da safe Hadi ya ɗare Bidi ya yi ta gudu a kan busasshiyar hanya, ga shi kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Mako uku, doki ya fara ɗage ƙafar gaba in yana tsaye. Hadi ya ce lalaci ne, ya shafa masa man zafi, ya ƙara bulala.

Ranar sukuwa Bidi ne a gaba har tsakiyar fili. Sai ƙafar nan ta lanƙwashe, ya kifa, Hadi ya wuntsila gefe. Shi ya tashi da ƙurjewa kawai. Bidi ya yunƙura sau uku kafin ya miƙe, yana tsaye da ƙafa uku.

Likitan dabbobi da aka ɗauko daga Birnin Kudu ya daɗe yana laluba ƙafar.

"Malam Hadi, jijiya ce ta yage. Zai rayu, zai taka, amma shi da sukuwa har abada. Da ka ba shi shekara guda, da ba haka ba."

Hadi ya rungume wuyan dokin ya yi kuka a gaban jama'a, don ya san babu mai laifi sai shi. Inna ba ta yi masa gori ba. Ita ce ma ta riƙa taya shi ɗaurin ƙafar, wata biyar, har Bidi ya fara takawa da ɗingishi.

Goɗiyar ta sake haihuwa. Wannan karon Hadi ya rataye sirdi, ya ɗauki ragama da buhu, duk wata yana ɗaga leɓen sabon duƙushin. Sai da ƙanen Bidi ya yi famfara ya shiga shekara ta uku sannan ya hau shi, kuma ya zama doki mai ƙafa da mutane ke zuwa gani.

Wata rana maƙwabcinsa Haladu ya jawo wani ƙosasshen duƙushi, ya zo aron sirdi. Hadi ya ɗaga leɓen dabbar ya ga ba ta yi famfara ba, sannan ya kwance Bidi ya zaga da shi tsakar gida sau ɗaya, yana ɗingishi. Haladu ya bi ƙafar da kallo.

"To, ara mini buhun," in ji shi.

Jama'a, girman jiki ba shi ne ƙwari ba. Kada yabon mutane ya sa mu ɗora wa dabba, ko ɗan da muka haifa, nauyin da bai isa ɗauka ba. Mu ba kowane abu lokacinsa, mu kuma saurari waɗanda suka riga mu sani.