Mai Tuge Ciyawar Uwar Shanu

Layi goma sha biyu na ciyawar shanu ta dasa ranar Talata. Ranar Asabar da ta dawo daga tallan madara, bakwai ta tarar.

Uwar Shanu ake ce mata, don tsokana, saboda shanun biyu ne kacal, su ne abin da mijinta ya mutu ya bari. Ta tsaya a bakin gona da bokiti a hannu. Wannan ne dashe na biyu. Na farko ma haka ya ɓace, layi bayan layi, cikin mako guda.

Ciyawar ba irin ta bakin hanya ba ce. Malamin gona ya ce iri biyu aka haɗa aka samo ta. Tana tsawo ta wuce mutum, a yanke ta ta sake tohowa ko rani ya yi tsanani. Aibinta ɗaya, ba ta yin iri. Kara ake sarawa a dasa kamar rake, kuma sai ta sha ruwan sati huɗu kafin saiwa ta kama. Damina kuwa ta fara naɗe tabarmarta.

Bara aka yanka makiyayar bayan gari aka yi filayen gidaje. Shanun suka ci rani da kwali da ƙaiƙayi, har Fara, babbar cikinsu, ta koma ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Kullum da yamma mahauci yakan biyo ta ƙofar gida ya yi gaisuwa mai tsawo, bakinsa na gaishe ta, idonsa na kan turke. Ta san ranar da ta sayar, madara ta ƙare. Madarar nan kuwa ita ce tukunyar gidan: ita, 'ya'yanta mata biyu da ke makaranta, da Baba, mahaifinta, tsohon manomin da ciwon gwiwa ya zaunar a kan tabarma shekara uku.

A gida ba ta faɗi abin da ta dasa ba. Dariyar waje ta ishe ta, ana nuna ta ana cewa ga wadda ke noman abin da mutane ke nomewa. In Baba ya tambayi labarin gona, sai ta ce masara ce, tana nan tafe, ta kawo wata magana.

Da farko awakin maƙwabci ta zarga. Amma akuya ganye take ci. Akuya ba ta tuge tushe, ta kakkaɓe ƙasa, ta jera shi a gefen gona saiwa sama don rana ta kashe shi. Wannan aikin mutum ne, mutumin da ya san abin da yake yi. Maƙwabcin kuwa ya daɗe yana son gonar.

Ta tare shi a bainar jama'a ta wanke shi tas. Ya rantse har da hawaye, ba ta saurara ba. Matarsa, ƙawarta ta shekara ashirin, ta daina sayen madara, ta daina amsa gaisuwa. A makon ne kuma fartanyarta ta ɓace daga bayan ƙyaure. Raini ya kai raini, ɓarawo har cikin gida.

Da sauran layi bakwan ma suka ɓace, ta koma wurin malamin gona tana roƙo. Ya shiga ɗan filinsa na gwaji ya saro mata dami guda.

"Baiwar Allah, wannan ne na ƙarshe," in ji shi. "Ko ni ba ni da wani sai baɗi."

Ta dasa da aron fartanya. Ta kewaye gonar da ƙaya har tafukanta suka yi jini. Ta so ta zauna gadi, to amma wa zai kai madara? Daga fitowar rana har azahar tana yawon gidaje, 'yan matan suna makaranta. In ta dawo ga dafa abinci, ga shanu, ga Baba da a kwanakin nan barcin rana ya yi masa yawa, kullum yana kukan baya. Tana shafa masa man zafi tana masa faɗan yawan kwanciya, hawayenta na ɗiga a rigarsa ba tare da ya sani ba.

Kwana huɗu, rabin dashen ya tafi. Kwana biyar, saura layi biyu. Aka yi wani ɗan yayyafi da kowa ya ce na bankwana ne.

Washegari tana tsakiyar talla aka zo aka ce mata Fara ta durƙushe a turke. Sai da maza huɗu suka sa itace suka ɗaga ta. Mahauci yana cikinsu, ya fi kowa zafin nama.

Nan wani abu ya tsinke a zuciyarta. Ta bar bokitin madara a rana, ta sunkuci taɓarya ta nufi gona da gudu, ba ko takalmi.

An janye ƙayar gefe guda a tsanake. Can ƙarshen gona ga mutum sunkuye cikin malafa, ya ba ta baya, yana aiki a hankali. Layin farko babu shi. Na biyun ma saura abin da bai fi taku uku ba. Ta keta gonar tana tuntuɓe, ta ɗaga taɓaryar da hannu biyu.

Mutumin ya tuge abin da ke gabansa, ya kakkaɓe ƙasar, ya dafa ƙugu ya miƙe da ƙyar.

"Af, kin kama ni, uwata," in ji Baba, yana haki yana murmushi. "Na ga wahala ta yi miki yawa ne. Wannan ciyawa mai taurin kai ita ta hana masararki fitowa, amma kwantar da hankalinki, ga tushen ƙarshe nan a hannuna."