Mai Taɓa Mata Shafuka

Yau ma ta tarar baƙon nan da ke shigowa ta intanet ya sake taɓa shafukan bayani da kwamfuta ke haɗa wa manhajarta ta manoman albasar Aliero. Ya jera kanun shafukan, kowanne na kai mutum inda yake so, bai kuma nemi komai ba. Zuciyarta ta ce ɓarawon fasaha ne. Ta bi sawunsa a intanet ta gano inda yake, ta hau kabu-kabu har wani shago a Jega.

"Malam, mi kaka biɗa cikin aikina?"

Ya juyo inda muryarta take. Makaho ne. Allon kwamfutarsa a kashe, wata murya daga kwamfutar na karanto masa shafinta, tana bin kanun da ya jera.

"Ɓata nika yi ciki, Malama. Sai na share hanya, don masu zuwa bayana."