Bandar Inna Dudu

Kowace safiya kafin ya sha koko, Almustapha sai ya ɗauki waya ya rubuta "bandar kifin Yawuri" a injin bincike, ya ga inda shafinsa ya kwana. Kifinsa daga bakin tafki yake sayo shi, a yi masa banda a Yelwa, ya aika Kaduna da Abuja a mota. Kifi dai babu na biyunsa, amma shafin kullum yana can ƙasa, inda ba mai leƙawa.

Sai aka haɗa shi da Jacob, wani ɗan Wara mai gina shafuka. Jacob ya ce injin bincike kamar kasuwa ne, wanda mutane da yawa suka nuna rumfarsa shi ake turawa gaba. Zai gina wasu shafuka su riƙa nuno na Almustapha, amma kowanne da lambar IP ɗinsa daban, wato adireshin gidan da shafi yake zaune a intanet, don kada injin ya gane duk 'yan ɗaki ɗaya ne.

"Ka ɓoye su da kyau," in ji Almustapha. "Ni ba ni son dogon bayani, sakamako nika so."

Sakamako kuwa ya zo. Waya ta fara ruri, masu oda har daga Fatakwal. Shafinsa ya hau ya hau, ya tsaya a na biyu. A samansa wani shafi ne da bai taɓa gani ba, wai shi Bandar Inna Dudu, da ɗan hoton tsohuwa tana murmushi gaban wuta.

Ya tambaya a kasuwar kifi, ya tambaya a tashar jiragen ruwa, har Shanga ya sa aka bincika. Ba wanda ya san wata Dudu mai banda. Abokinsa Gambo ya ce ya buɗe shafin mana ya gani.

"In danna mata in ƙara mata daraja? Ko da kuskure yatsana ba shi taɓa ta."

Tsohuwar nan ta hana shi sakat. Ciniki yana ta bunƙasa, ya ɗauki ƙarin mata masu banda, amma da ya ga murmushin nan sai koko ya fita ransa. Bai gaya wa Jacob ba, don kada a ce tsohuwa ta kayar da shi.

Daga ƙarshe ya samo hanyar kai ƙara. Ya rubuta wa masu injin cewa shafin na bogi ne, babu wata Dudu, ƙarya ce aka shirya don a hau sama. Ya sa Gambo ya rubuta, ya sa 'yan majalisarsu duka suka rubuta.

Wata safiya ya duba, babu Inna Dudu. Ya zama na ɗaya. Ya sayi tsire ya raba wa majalisa.

Sai dai waya ta yi shiru. Kwana da kwanaki kifi yana jibge a kwando, mata suna zaune suna hira. Da abin ya ishe shi ya kira Jacob, ya same shi cikin ɓacin rai.

"Oga, dama ina shirin kiranka. Wani maƙiyinka ya sa an rufe mana Inna Dudu, ita da take turo maka kusan duk masu sayenka."